Wa Ke Tambaya, Wa Ke Amsawa: Ƙofar Maƙala Daga Rauta Zuwa Mai Wurno

Akwai wani jigo da malaman adabi suke son ba ɗalibai a manyan makarantu da kwalejojin horon malamai, watau a rubuta maƙala a kan yadda mutum yake ganin darajar kansa, da abin da jama'a suke sa rai daga gare shi, bisa ga yadda littattafai suka nuna. Jigon yana da kyau ƙwarai. Amma duk wanda ya taɓa zama da tarin irin waɗannan takardu zai shaida cewa kusan dukansu ta ƙofa ɗaya suke shiga. Jimlar fari takan ce tun da aka halicci duniya ɗan Adam yake fama tsakanin abin da zuciyarsa take so da abin da jama'a suke so. Ta biyu sai ta ɗauko ma'anar darajar kai daga ƙamus ko daga wani littafin nazarin halin mutum. Daga nan sai a jera sunayen littattafai uku, a yi alkawari za a duba su ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙarya ko ɗaya a cikin wannan. Abin da babu shi ne mutum. Mai karatu ya gama sakin layin bai ga fuskar kowa ba, bai san wa aka raina ba, bai kuma san wa ya yi rainin ba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi, ita ce ta harshe. Sa'ad da aka ce wa Bahaushe wane yana ganin darajar kansa, abin da kunnensa yakan fara ji shi ne girman kai, girman kai kuwa aibu ne. Ɗalibi ya ɗauko maganar daga littafin Turanci inda ake yabonta, ya ajiye ta a gaban mutanen da suke jin ƙanshin zargi a cikinta, bai kuwa lura ba. Hausa tana da nata kalmomi na wannan al'amari, kuma yadda ake sarrafa su yana koyar da wani abu. Mutunci ana cinsa, ana zubar da shi, ana kare shi, ana ganinsa. An ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Kunya ana jin ta wani ne. Girma ana ba mutum ne. A cikin laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafta halaye goma da Hausawa suke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. In aka duba su da kyau, da wuya a sami ɗaya da mutum zai iya nunawa yana zaune shi kaɗai a ɗaki. Saboda haka gabatarwar da ta fara da mutum ɗaya yana leƙen cikin zuciyarsa ta riga ta bar rabin zancen a waje. Ana bukatar aƙalla mutum biyu, mai tambaya da mai amsawa.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san haka tun yana saurayin malamin makaranta a Bauci. Littafinsa Shaihu Umar yana cikin biyar ɗin nan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai wadda Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka kuma buga shi a 1934. Mai son koyon buɗe magana ya sake karanta shafinsa na fari a hankali. An fara nuna wani babban malami a Rauta, kusa da Bauci, wanda almajirai suke zuwa wurinsa daga nesa. An kafa darajarsa sarai, ba wanda yake shakkarta. Sa'an nan ne aka tambaye shi ƙasarsa da asalinsa. Dukan littafin amsar wannan tambaya ce, amsar kuwa ba mai sauƙin faɗi ba ce a gaban almajirai: maraya ne daga Kagara, an sace shi yana ƙarami, mahara sun kama shi, ya bi ta Kano a hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, ya ƙetare hamada zuwa Ber Kufa, a can ya yi karatun da ya mai da shi abin da ya zama.

Jerin nan shi ne dabarar. Da an fara da yaron da aka sace, da mai karatu ya bi shi da tausayi kaɗai. Da yake an fara da malamin, sai mai karatu ya zauna tare da almajirai yana jiran ya ga ko amsar za ta rage wa malamin girma. A ƙasar da kalmar asali take iya hana mutum aure ko limanci, wannan jira ba wasa ba ne. Marubucin kansa ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa yana hidima ne a gidan hakimin Lere, don haka ba abin mamaki ba ne da ya ajiye tambayar asali a bakin ƙofar littafinsa.

Ba a ce littafin ba shi da rauni ba. Umar yana karɓar duk abin da ya same shi da haƙurin da wani lokaci ya yi kama da sanyin jiki, kuma cinikin bayin da ya raba shi da gida bai sha zargin da ya cancanta daga bakinsa ba. Wadda ta biya kuɗin labarin ita ce mahaifiyarsa, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta aka bautar da ita, ta gan shi a Murzuk bayan shekaru masu yawa, ta rasu ba da daɗewa ba. Ita ba a tara almajirai an tambaye ta asalinta ba. Ɗalibin da ya lura da wannan ya riga ya sami abin faɗi wanda ya fi ma'anar ƙamus nauyi.

Hanyar Umar ta yi arewa ne, ta hamada. Amma a shekarun da labarinsa ya ƙare, wata hanya ta fi ta cika da mutane, ita ce ta gabas, kuma a ƙarshenta akwai jama'ar Hausawa da ake yi wa tambayar Rauta har fiye da shekara ɗari. A watan Yuli na 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, yana kan hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, Fulani da Hausawa, har suka kai ƙasar Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu kaɗan da Sinnar, wajen 1906. Garin da suka kafa sunansa ya ci, Mai Wurno. Ba su ne na fari ba, ba su ne na ƙarshe ba. Tun kafin su maniyyata suke bin wannan hanya a ƙafa da jakuna zuwa tashar Sawakin a bakin Bahar Maliya, tafiyar da takan ci shekaru, gama mutum yakan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzurin zango na gaba.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, watau filin da yake tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu kudu da Hartum. Da aka ƙara masa yankin Manakil daga baya, faɗinsa ya kai wajen eka miliyan 2. An yanka filin gona gona, kowace ana kiranta hawasha, aka raba galibinsu ga mutanen wurin. Auduga kuwa tana son hannu da yawa, musamman lokacin cira. Mutanen yamma suka zama wannan hannu. Suka kafa ƙauyukansu a gefen magudanan ruwa, suna ƙwadago, ko su noma gonar wani a raba amfanin. Da yawa suka shiga irin bashin da ake kira shail, inda manomi yake karɓar kuɗi tun amfani yana kore, ya biya da amfanin a kan farashi mai araha da kaka. Maƙwabta suka haɗa su duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, a ƙarƙashin suna ɗaya, Fallata, wani lokaci kuma Takari. A bakin mutane da yawa sunan yana ɗauke da raini.

Tambayar ba ta tsaya a bakin maƙwabta ba, ta shiga doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta bukaci mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Mai karatu ya sa wannan rana kusa da 1906. Shekara tara ce tsakaninsu, amma ta isa ta bar jikan mutumin da ya zo da Mai Wurno yana neman shaidu a ƙasar da aka binne cibiyarsa. An sassauta ranar daga baya, dokar 1994 ta mai da ita farkon 1956, sai dai abin da ya zauna a zukatan mutane ba ya gyaruwa da sa hannun majalisa.

To, wace amsa suka bayar? A nan ne littafin C. Bawa Yamba mai suna Permanent Pilgrims, watau maniyyata na dindindin, wanda ya fito a 1995, yake da amfani ga mai nazarin adabi, ko da yake ba ƙagaggen labari ba ne. Yamba ya zauna a ƙauyukan Hausawa na Jazira, ya tarar da mutanen da aka haife su a can, aka haifi iyayensu a can, amma suna kiran kansu matafiya a kan hanyar Makka. Ya lura cewa waɗansu suna guje wa gina gida mai ƙarko, domin kada ya zama shaidar cewa sun sauke kaya. Masu neman dalilin tattalin arziki za su ce bashi ne ya riƙe su. Gaskiya ne, bashi yana nan. Amma mai nazarin adabi zai ga wani abu kuma: wannan labari ne da jama'a suka tsara wa kansu, suka riƙa ba 'ya'yansu, aikinsa kuwa shi ne ya sauya alƙali. Maƙwabci yana auna mutum da gona da asali, a kan wannan ma'auni ɗan ƙwadago ba ya da nauyi. Sai ɗan ƙwadagon ya ce shi ba a kan wannan ma'auni yake ba. Bukkar da maƙwabci yake gani alamar talauci, a wurinsa zango ce. Wahalar gona kuma wani yanki ne na tafiya mai lada. Haka Shaihu Umar ya yi, ya karɓi tambayar asali ya amsa ta da ilimi.

Amsar tana da ƙarfi, tana kuma da tsada, mai rubutu na gari kuwa ba zai ɓoye tsadar ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wanda ya yi ta cewa shi mai wucewa ne, ya sa wa mai son korarsa magana a baki. Ga kuma 'ya'ya da jikoki waɗanda suka yi makaranta da Larabci, suka yi aikin soja da na gwamnati, suka zama 'yan kasuwa a Wad Madani da Gadarif, ba su kuwa san wata ƙasa ba sai wannan. Al-Amin Abu-Manga, masanin harsuna na Jami'ar Hartum, ya buga littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take daidaita kanta da Larabci, tana ɗaukar kalmominsa da salonsa. Harshen da kansa ya sauke kaya ke nan. Ga irin waɗannan matasa, labarin kakanni na zama a kan hanya wani nauyi ne daga cikin gida, a kan wanda yake zuwa daga waje. Jama'a biyu ne suke sa rai a kansu, kowace tana ja wajenta. Ɗalibin da ya rubuta kalmar jama'a a gabatarwarsa kamar abu ɗaya ne dunƙule, bai riga ya tambayi kansa wace jama'a yake nufi ba.

Abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022 ya nuna cewa wannan ba zancen aji kaɗai ba ne. Hausawan jihar sun nemi a ba su sarauta tasu a cikin tsarin sarautun gargajiya. Waɗansu shugabannin ƙabilun yankin suka ƙi, suna cewa sarauta tana tafiya da ƙasa, ƙasa kuwa ta masu asali ce. A watan Yuli faɗa ya ɓarke a Rusairis da kewayenta, aka kashe mutum fiye da 100. A watan Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi da asarar rayuka mai yawa. An yi rashi a kowane ɓangare, dubban mutane kuma suka gudu zuwa jihohin Sinnar da Farin Nilu. Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Hartum da waɗansu garuruwa, abin da suke faɗi kuwa shi ne su 'yan Sudan ne. Daga baya yaƙin da ya tashi a watan Afrilu na 2023 ya kai Jazira kanta: Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairu 2025, kuma a cikin wannan watan aka kai hare-hare a kan mazauna sansanonin ƙwadago da ake kira kanabi, waɗanda galibinsu asalinsu daga yamma ne.

Yana da kyau a ji zancen daga ɗaya gefen kuma, daga bakin ƙauyen da yake yin tambayar. Ɗayyib Salih, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 2009, shi ne marubucin Sudan da duniya ta fi sani. Ƙauyen labaransa yana arewa ne, nesa da Jazira, ba kuwa labarin Hausawa yake bayarwa ba. Duk da haka yadda ya buɗe Mausimul Hijra ilash Shamal, watau lokacin ƙaura zuwa arewa, wanda ya fito a 1966, darasi ne. Mai ba da labarin ya komo gida bayan shekara bakwai na karatu a Turai. Jama'a sun taru sun tarye shi, ya dubi dabinon gidansu ya ji shi ma yana da saiwa. Amma a cikin masu gaisuwa akwai fuska ɗaya da bai sani ba, sai ya tambaya. Aka ce masa sunansa Mustafa Sa'id, baƙo ne da ya zo shekara biyar da suka wuce, ya sayi gona, ya gina gida, ya auri 'yar gari. Mutumin ya yi duk abin da ɗan gari yake yi, amma kalmar da aka fara gabatar da shi da ita ita ce baƙo. Salih bai yi wa'azi a kan wannan ba. Ya ajiye mai saiwa da marar saiwa a tsakar gida ɗaya, ya bar mai karatu ya ji bambancin, sa'an nan ya shafe sauran littafin yana girgiza saiwar mai ba da labarin. A cikin wannan littafin kuma aka tilasta wa Husna, matar da Mustafa ya bari, auren tsoho Wad Rayyis, ta kashe shi ta kashe kanta, ƙauyen kuma ya rufe bakinsa.

A ɗaya littafinsa, Ursuz Zain, watau bikin Zain, ya ma fi taƙaitawa. An buɗe ne da tsegumi yana yawo daga baki zuwa baki cewa Zain, wanda gari ya ɗauka wawa ne, zai yi aure. Kafin a ga Zain an riga an ji farashin da gari ya sa masa. Balaraba Ramat Yakubu ta yi irin wannan a Kano a 1990, ta ma sa tambayar gari ta zama sunan littafin, Wa Zai Auri Jahila? Yarinyar da aka cire daga makaranta, aka kuma raina ta domin ba ta yi makarantar ba, ita ce za ta amsa. Abin da za a iya riƙe Salih da shi shi ne idonsa yana tsakiyar gari. Mutanen gefe, makiyaya da 'yantattun bayi, ana ganinsu ne daga inda masu gari suke zaune, ko da yake Zain yana ƙaunarsu. Mai karatu daga ƙauyen Hausawa na Jazira zai san a wane gefen shafin yake tsaye.

Yanzu a koma ga takardar ɗalibi. In aka cire jimlar tun da aka halicci duniya, aka cire ma'anar ƙamus, aka cire alkawarin duba littattafai ɗaya bayan ɗaya, me zai tsaya a wurinsu? Ga misali ɗaya na abin da zai yiwu:

"Almajiran Rauta sun san malaminsu ya fi kowa ilimi a yankin, amma duk da haka sai da suka tambaye shi asalinsa. A ƙauyukan Hausawa na Jazira, a ƙasar Sudan, ana yi wa jikokin mutanen da suka iso wajen 1906 wannan tambaya, wani lokaci a kasuwa, wani lokaci a ofishin ba da takardar zama ɗan ƙasa. Shaihu Umar ya amsa da iliminsa, kakannin Jazira suka amsa da niyyar hajji, jikokinsu kuwa suna amsawa da ƙasar da aka haife su. Wannan maƙala za ta nuna cewa kowace amsa ta ceci mutuncin mai ita ta wata fuska, ta kuma bar shi a buɗe ta wata fuskar."

Jimla huɗu ce. Kalmar darajar kai ba ta fito ba ko sau ɗaya, amma mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Akwai wuri, akwai shekara, akwai mai tambaya, akwai mai amsawa. Jimlar ƙarshe kuma ta faɗi abin da wani zai iya musantawa, wannan kuwa shi ne ya raba maƙala da jerin bayani. Wani zai iya tashi ya ce amsar kakannin ba ta bar kowa a buɗe ba, doka ce da son ƙasar noma suka yi haka, ko da me suka kira kansu. Hujja ce mai ƙarfi, sai mai rubutu ya fuskance ta a tsakiyar maƙalar. Gabatarwar da ba ta jawo irin wannan musu ba, ba ta ce kome ba tukuna.

Misalin yana da haɗarinsa. Tafawa Ɓalewa bai rubuta labarin Sudan ba, saboda haka dole mai rubutu ya bayyana cewa shi ne ya haɗa biyun, ya kuma nuna inda kamancin ya tsaya: Umar bawa aka tafi da shi, ya kuma komo ƙasarsa, su kuwa da ƙafarsu suka tafi, ba su da niyyar komowa Sakkwato ko Kano. Haɗari na biyu shi ne kuka. Labarin mutanen da aka raina yana jan alƙalami zuwa ga tausayi, tausayi mai yawa kuwa wani irin raini ne, gama yana mai da mutane abin kallo. Mai Wurno gari ne mai sarki da malamai da kasuwa, Mark Duffield ya ma rubuta littafi sukutum a 1981 a kan yadda jari da ciniki suka raba mutanensa masu hali da marasa hali. A cikinsu ma akwai masu tambayar asalin waɗansu.

Saura abu ɗaya da yakan kuɓuce wa ko da ƙwararrun marubuta, shi ne sunan da za a fara kiran mutanen da shi. In mai rubutu ya ce Fallata a jimlarsa ta fari ba tare da bayani ba, ya ari bakin maƙwabci. In ya ce 'yan Nijeriya mazauna Sudan, kamar yadda waɗansu jaridu sukan yi, ya yanke hukuncin da dokar 1957 ta yanke, ya kuma manta cewa ba a haɗa kudu da arewa aka yi Nijeriya ɗaya ba sai 1914, shekara takwas bayan an kafa Mai Wurno. In ya ce maniyyata, ya ɗauki amsar kakanni ya ɗora wa jikokin da suka fita titin Kasala a 2022 suna faɗin wani abu dabam. Misalin da aka kawo a sama ya zaɓi ya ce ƙauyukan Hausawa na Jazira, a ƙasar Sudan, ya jingina suna ga wuri, ya bar mutanen su amsa da kansu a jimla ta uku. Ko wannan ma bai gama wanke kansa ba, gama Fulanin Mai Wurno za su iya tambaya ina aka bar su.